Tsakuwa Goma a Aljihun Baba

Baba ya rasu shekarar da tsuntsayen jan-baki suka sauka kan shinkafar fadamar Wurno har sau biyu, mutane suka gaji da kaɗa gwangwani suka zauna suna kallo. Ranar Talata ce, bayan azahar. Ya yi alwala, ya mayar wa buta murfinta, ya ja ƙyauren ɗakinsa, ya kwanta. Inna ta ce ko a nan bai bar wa kowa aiki ba, don idanunsa ma da kansa ya rufe su.

Kwana uku muka yi muna karɓar gaisuwa. Gwaggo, ƙanwarsa, ta zo daga Rabah tana kuka tun daga bakin titi. Ta shiga gida da kukanta, ta kai tsakar gida, sai ta tsaya cak, ta koma ta ja ƙyauren zaure da ta bari a buɗe, sannan ta dawo ta ci gaba daga inda ta tsaya. Ba ita kaɗai ba. Na lura duk wanda ya sha ruwa sai ya mayar da faifan randa, ya danna shi, ya waiga.

Taubashin Baba, ɗan gwaggonsa, wanda suka shekara saba'in suna tsokanar juna, ya sauka daga kabu-kabu, ya tsaya a kanmu bai zauna ba.

"To, ya riga ni," in ji shi. "Ko nan sai da yat tsallake layi."

Ya yi addu'a gajera, ya ce zai zaga bayan rumbu. Ya daɗe a can. Da ya dawo gemunsa a jiƙe, ya ce hayaƙin girkin matan gidanmu ba shi da tarbiyya.

A rana ta biyu wani Bafillace ya zo daga Boyekai, can ƙasar Goronyo, da ƙwaryar nono da matarsa ta aiko. Babu wanda ya gane shi. Ya ce shi ma bai san mamacin ba sai na wuni guda, amma wunin ya isa a yi tafiya dominsa. Bayansa kuma malamin da ya yi mana rajista a kwamfuta shekara uku da suka wuce ya iso daga Sakkwato. Su biyun suka gane juna, suka kama hannu, suka fara dariya a wurin makoki, har liman ya ɗago kai.

Kusan duk wanda ya zo, da ya durƙusa gabana abu ɗaya yake cewa: "Wancan, ya haƙuri?"

Ni ne Wancan. Ni ne ɗan farin Baba, kuma kamar yadda aka sani, uba ba ya kama sunan ɗan farinsa. Wasu iyayen sukan sa wa ɗan wani laƙabi mai daɗi. Baba bai ga dalilin wahala ba. In yana nemana sai ya ce, "Ina wancan?" Inna ta ɗauka, ƙannena suka ɗauka, unguwa ta ɗauka. Yau ina da furfura da jikoki biyu, kuma a kasuwar albasa in ka tambayi sunana na yanka, sai an tara mutum biyar kafin a samu mai tunawa.

Shekara uku ke nan ina zuwa ajin yaƙi da jahilci. Hannuna bai da sauri, amma ba inda za ni. Na ce bari in rubuta abin da na sani na Baba da abin da masu gaisuwa suka cika mini, kafin mu ma a zo a ja mana ƙyaure.

Aikin Baba tun yana saurayi shi ne ƙofar ruwa. Shi ke buɗe wa kowane ɓangare na fadama ruwan kanal in ranarsu ta zo, shi ke rufewa in lokacinsu ya cika. Yana da mabuɗin ƙarfe mai tsawon kamu guda, wanda yake saɓawa a kafaɗa kamar jariri. Yakan ce buɗewa ba aiki ba ne, ko akuya ta jingina da ƙofa tana iya buɗe ta. Shi albashin rufewa yake ci.

Gonar ƙarshe a kanal ɗinmu ta wata tsohuwa ce da mijinta ya rasu ya bar mata. Kowace ranar ruwa, bayan ya buɗe, Baba sai ya bi kanal da ƙafa har can, ya tsuguna ya sa yatsa a kwamin albasarta, wato fangalin da ruwa ke kwanciya a ciki. In yatsan ya fito a bushe, ya san wani a sama ya bar tasa ƙofar a buɗe bayan lokacinsa. Sai ya juyo yana bin gonaki ɗaya bayan ɗaya har ya gano shi. Ba ya faɗa. Yakan rufe ƙofar, ya zauna a kanta, ya gaishe da mai gonar, ya tambayi iyali, ya tambayi jaki, ya ci gaba da zama har sai mai gonar ya rasa inda zai sa idonsa. Gonarmu kuwa ita ce ta ƙarshen shan ruwa ko da ranarmu ce. Mun sha yin gunaguni, ni da ƙannena. Bai taɓa amsa mana ba.

A gida ma haka. Ba a barin tukunya babu murfi, ba a barin rediyo yana magana shi kaɗai. In baƙo ya yi sallama ya tafi bai ja ƙofa ba, Baba zai bi shi har waje ya ce, "Ka manta wani abu," ya tsaya yana kallonsa, baƙon yana ta lalube aljihu. Ko hira ba ya son a bari a buɗe. In ka fara ba shi labari aka kira salla, bayan an idar zai same ka a bakin masallaci ya ce, "Sai anka yi yaya?"

Da ƙafafunsa suka gaza bin kanal, ƙungiyarmu ta manoman rani ta ba shi kujera a ƙofar ofishinta, yana jera mutane in ana taro ko rabo. A nan maganar kwamfuta ta same shi.

Shekarar aka ce duk mai son a sa shi cikin rabon ruwa da iri na rani sai an shigar da shi a kwamfuta. Aka ba da kwana shida, daga Asabar zuwa la'asar ɗin Alhamis, sannan a tafi da sunayen Sakkwato. Wanda bai shiga ba, babu shi a ranin nan. Aka kawo akwatin na'ura aka ajiye a kusurwar ofis, aka kawo malami baƙo, mai haƙuri, wanda bai san kowa a garin ba.

Da safe aiki yakan tafi lafiya. Can wajen azahar sai na'ura ta suma. Malam ya buɗe sabon shafi, wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a fuskar kwamfuta, shi ke nan. Ciyaman ɗin ƙungiya, mutum ne mai son a ga ya gane abu, ya ce zafi ne. Aka sa mutum biyu suna yi mata fifita. Bai yi ba. Ya sa aka kashe janareta, aka jiƙa buhu aka lulluɓe akwatin kamar randa, aka bar ta ta huta awa biyu cur. Da aka kunna sai ta tashi garau. Ciyaman ya dubi jama'a, ya gyara hula. Daga ranar ya zama doka: in ta suma, buhu da awa biyu.

Mutanen cikin gari ba su damu ba, da sassafe suke zuwa. Waɗanda abin ya ci su ne na nesa, na Magarya da na ƙauyukan da ke bayanta, da Fulanin da suka yi aron gonaki a bakin fadama, waɗanda sai sun sallami shanu kafin su kamo hanya. Su iso rana tsaka, su tarar da na'ura a ƙarƙashin buhu, su zauna har yamma, a yi wa kaɗan, sauran su koma. Baba yana kujerarsa yana kallonsu. Ya ce wa Inna, "Na ƙarshen kanal na. Wani ya bar ƙohwa buɗe a sama."

Ranar Lahadi ya fara tsintar tsakuwa. Babu wanda ya san abin da yake ƙirgawa. Ranar Litinin, ana cikin aiki lafiya lau, ya miƙe ya ce wa layi, "Ku tahi ku yi alwala, yanzu za ta suma." Kafin mutum na gaba ya gama gyara zama, zobe ya fara juyawa.

Ciyaman ya fito ya tsaya a kansa.

"Baba, ya anka yi kas sani?"

"Na ƙirga."

"Mi kaƙ ƙirga?"

"In na tabbata ni hwaɗa maka."

Kafin magariba labari ya zaga gari cewa Baba yana da abin da yake karanta wa na'ura. Wata mata ta aiko a tambaye shi ko yana yi wa injin markaɗe.

Abin da Baba ya lura da shi ga shi. A cikin tambayoyin rajistar akwai wadda ke cewa a faɗi sunan magaji, cikakke, kamar yadda yake a katin shaida. Magajin yawancinmu kuwa ɗan fari ne. Mace kuma sau da yawa mijinta ne. Sai mutum ya amsa komai tiryan-tiryan, sunansa, garinsu, yawan kwaminsa, a zo nan ya yi shiru yana kallon rufin ɗaki. Malam ya sake tambaya. Mutum ya ce, "Bari in samo wanda za ya hwaɗa." Ya fita neman ɗan garinsu a cikin taro. Malam kuma, don kada layi ya tsaya, sai ya ture wannan shafin ya buɗe sabo ya kira na gaba. In wancan ya dawo da mai faɗa masa, a sake sabon shafi daga farko. Duk wanda ya tashi a tsakiya haka, Baba ya jefa tsakuwa ɗaya a aljihu. Ko an yi wa mutum talatin ko an yi wa sittin, ba ruwan na'ura. Amma tsakuwa ta cika goma, ta suma.

Ya kuma lura cewa ba buhu ke tashinta ba, kashewar ce. Ranar Talata, da tsakuwa ta kai tara, ya ga gara a rufe babbar ƙofa a sake buɗewa tun kafin a kai ga buhu. Ya tashi ya shiga ofis, ya zare wayar akwatin daga bango, ya ƙirga goma, ya mayar.

Wanda ke kan kujerar rajista a lokacin Taubashi ne. Ya yi rabin awa yana bayanin gonakinsa uku, da iyakar kowace, da tarihin yadda ya gaje su, ya zo da ƙanensa ya faɗa masa sunan magaji, saura malam ya danna kammalawa. Komai ya tafi.

"Da gangan yay yi," in ji Taubashi, yana nuna shi da sanda. "Tun muna yara hassada ta ka cin shi. Gona ukku gare ni, shi guda da rabi."

"Rabin nan ya hi ukkunka albasa," in ji Baba.

"Kun ji ko? Bai ma musanta ba."

Har Baba ya koma ga Allah bai taɓa musantawa sosai ba. In an tayar da maganar yakan ce shi bai duba wanda ke kan kujera ba, sannan ya ƙara da cewa amma ya ji murya.

Na'ura ta tashi cikin minti biyu, amma ciyaman bai ga wannan ba, waya a hannun Baba ya gani. Ya hana shi shiga ofis, ya sa aka ja tebur aka tare bangon da wayar take, ya ce wanda ya sake taɓa ta zai yi bayani a Sakkwato. Ya buga wa waɗanda suka haɗa manhajar waya, suka ce za su turo mutum mako mai zuwa. Mako mai zuwa kuwa an rufe.

Baba ya dawo gida ya ce a kira masa Mai Tabarau. Jikar yayansa ce, ta yi karatun kwamfuta, tana aiki a Sakkwato, da aurenta da goyonta. Tsakaninta da Baba wasan jika da kaka ne, ba ta raga masa, ba ya raga mata. Ta iso Laraba da yamma da ƙaramar kwamfutarta a jaka. Da ta ga jiƙaƙƙen buhu a kan akwatin sai ta dafa bango.

"Wa yay yi wanga?"

"Shugabanni," in ji Baba daga bakin ƙofa.

Ciyaman ya yarda ta duba, da sharaɗin ba za ta kashe komai ba. Bayan an tashi ta zauna ta gwada da kanta. Ta cika shafi ashirin da sunayen ƙarya, ta kammala kowanne, na'ura ko tari ba ta yi ba.

"Tsoho, lahiyarta lau. Halan dai kai ka yi mata baki."

"Ke da ba ki da kunya ina za ta suma a hannunki? Wa kis sa magaji?"

Ta faɗi sunan ɗanta na fari, wanda ke bayanta, ƙarara, har da na ubansa. Baba ya toshe kunne. Sannan ya zazzage mata tsakuwarsa a kan tebur ya gaya mata abin da yake ƙirgawa. Ta daina dariya. Ta ce gobe za ta zauna ta gani da idonta.

Ranar Alhamis ba na wurin. Ranar ruwanmu ce, ina fadama, tafiyar awa guda. Mun shirya da Baba cewa shi zai yi rajista a ƙarshen kowa, kamar yadda ya saba, ni kuma in iso kafin la'asar in faɗi sunana da bakina. Abin da ya faru na ji shi ne daga bakin malam, da Bafillacen Boyekai, da Mai Tabarau, kuma inda suka saɓa na ɗauki na mutum biyu.

Bayan azahar tsakuwa ta kai tara. A waje akwai mutum wajen arba'in, duk na nesa. In ta suma yanzu, buhu da awa biyu za su kai la'asar, an rufe ke nan. Mai Tabarau tana kusurwa, ta haɗa kwamfutarta da akwatin, tana kallo. Sai ta ɗago ta ce tana son ta bi mutum ɗaya daga farko har ƙarshe, wanda ba zai tashi a tsakiya ba.

"Tsoho, zo ka zauna."

"Sai wancan ya zo."

Taubashi, wanda aka sake yi wa tasa rajistar da safe amma ya ƙi tafiya gida, ya matso da murmushi.

"Zauna, ɗan kawu. Ba ni an nan ba? Ni na ci naman sunanai. In an zo wurin, ni hwaɗa maka."

Shekara saba'in Baba ya san mutumin nan, amma ya zauna. Ciyaman ya ɗage masa dokar shiga na minti biyar. Ya amsa komai. Malam ya ce, "Sunan magaji." Baba ya waiga. Taubashi yana duba farcensa.

"Hwaɗi mana," in ji Baba.

"Wallahi ya kwance min. Tsuhwa. Tun ranar da anka share min gona ukku kaina bai koma daidai ba."

"Kai dai hwaɗi."

"Ko Tanko na? A'a. Bawa? Malam, sa Bawa mu gani."

Baba ya juya ga malam. "Sunanai sunan limamin da yar rasu shekarar da kasuwa taƙ ƙone."

"Baba, ni baƙo na," in ji malam.

Baba ya leƙa ta taga ko akwai ɗan gari. Babu, duk sun yi tasu sun tafi. Ciyaman da kansa ya yi tunani ya ce shi dai Wancan ya sani. Taubashi ya ce in Baba zai tsaya gaban jama'a ya ce albasar gona uku ta fi ta guda da rabi, wataƙila sunan ya dawo masa. Baba ya ce gara a yanke masa harshe.

Ciyaman ya duba agogo. "Baba, minti biyar sun cika. Tashi ka nemo mai hwaɗi, a kira na gaba."

"In na tashi ni na na goma."

Bafillacen Boyekai shi ne na gaba. Ya ce kwana uku yana zuwa yana komawa, ya bar shanu a hannun maƙwabci. Yana tsaye a bakin ƙofa yana ganin bayan Baba, rigar ta jiƙe ta manne. Ya ce Baba ya sa hannu a aljihu, ana jin tsakuwa tana ƙara. Baba ya dubi layin da ke waje, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya cire hularsa, ya kare bakinsa da ita, ya sunkuya wajen kunnen malam.

Malam ya buga a kwamfuta, ya danna kammalawa. Takarda ta fito.

"Na gaba," in ji Baba da kansa, ya tashi ya fita bai kalli kowa ba. Malam ya ce bai taɓa ganin mutum ya ci nasara ya rasa abin yi da ita kamar Taubashi a ranar ba.

Daga nan na'ura ba ta sake suma ba. Mutane sun ci gaba da tashi a tsakiya, Baba ya jefa ta goma, ya tsinci wasu ya kai sha biyar, aiki yana ta tafiya. Na iso na tarar ana yi wa mutum na ƙarshe, Baba yana zaune yana kallon tsakuwarsa kamar sun ci amanarsa. Na ce na zo in faɗi sunan. Ya ce, "An wuce nan." Ban ƙara tambaya ba.

Da yamma a tsakar gida Mai Tabarau ta yi masa bayani, ina zaune. Ta ce a cikin akwatin akwai rumbun da ake ajiye bayanan, kuma tsakanin shafin da malam ke cikawa da rumbun akwai hanyoyi goma, ba su fi haka ba. Duk sabon shafi ana ba shi hanya ɗaya. In an kammala, a karɓe ta a ba na gaba.

"Wa ka karɓewa?" in ji Baba.

"Wanda yah haɗa manhajar bai rubuta wanga da hannunai ba. Ya ɗora aikinai kan wani tsari da anka riga anka ƙera, awa mai sayen ƙyaure da madogarai a kasuwa. Tsarin shi ka buɗewa, shi ka ruhewa. Amma ba ya ruhewa sai an kai ƙarshen shahi."

"In mutum yat tashi tsakiya hwa?"

"Shina jiran shi."

"Har yaushe?"

"Har tashin ƙiyama. Ko har wani tsoho ya zare waya."

"Wanda yaƙ ƙera abin ga bai taɓa haihuwa ba," in ji Baba.

Ta ce ta leƙa ta ga hanyoyin suna zaune ba aikin komai, kowace ta tsaya a kan tambaya ɗaya, ta sallame su ɗaya bayan ɗaya ba tare da kashe komai ba, kuma haka ta yi ta yi har aka tashi. Sannan ta rubuta gyaran da za ta aika wa masu manhajar: ko an kammala, ko an fasa, ko wani abu ya lalace a tsakiya, aikin ƙarshe shi ne a saki hanya. Wadda kuma ta yi 'yan mintuna babu motsi, a karɓe ta ko mai ita bai dawo ba. Ta ce mafi kyau ma kada a ba shafi hanya tun mutum yana gaisuwa, sai lokacin da za a zuba bayanin a rumbu, a buɗe, a zuba, a rufe.

Wannan na ƙarshen ya yi wa Baba daɗi. Ya ce shi ma bai taɓa buɗe wa mutum ruwa ba sai ya gan shi tsaye a gonarsa da fartanya. Ya ce a ba ta buhun albasa. Ya ce ta yi ƙoƙari, in aka duba cewa ba ta da kunya.

Abin da ban sani ba sai a wurin makoki shi ne lokacin da ta sallami hanyoyin nan tara. Daren uku ya wuce, da safe mutane sun ragu, ta same ni a zaure, idanunta sun kumbura.

"Baffa, akwai abin da ban taɓa hwaɗa ma kowa ba. Tun kahin Tsoho ya zauna kujerar nan na riga na saki taran. Da ya tashi ma ba abin da za ya hwaru."

"Ke da Taubashi kunka shirya?"

"A'a. Shi tashi muguntar daban ta."

"To mi yas sa ba ki hwaɗa mai ba?"

Ta share hanci da gefen mayafi. "So nike in ji ko ya san sunanka."

Na tashi na nemi malam kafin ya hau mota. Na ce ya tuna abin da Baba ya faɗa masa a kunne? Ya ce ya tuna. Ya ce bai yi kuskuren ko harafi ɗaya ba, har da sunan kakan da aka mayar mini, kuma ya faɗe shi a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwarya cike. Na ce ya maimaita mini yadda ya faɗa. Ya gwada, amma muryarsa ce ta fito, ba ta Baba ba.

Da muka zo raba kayansa, Inna ta miƙo mini hularsa ta zuwa masallaci. A cikin naɗin akwai takardar rajistar nan, ta yi laushi don ninkewa. Baba bai iya karatun boko ba. Ni na karanta ta, a hankali, da yatsa. Sunana yana nan a layi na bakwai.

Taubashi bai ƙara zuwa kasuwar Wurno ba. An ce in an tsokane shi a garinsu, Magarya, sai ya ce ba ya wasa da yara.

Ga abin da muka rasa. Uba ɗaya, na mutum bakwai. Miji ɗaya. Yaya ɗaya na Gwaggo, shi kaɗai ya rage mata. Abokin faɗan Taubashi. Mai zuwa ƙarshen kanal ya sa yatsa a ƙasa. Ya bar gona guda da rabi, da mabuɗin ƙarfe, da buta mai murfi, da tsakuwa goma a aljihun rigarsa ta aiki, waɗanda Inna ta hana a zubar. Sai sunana a bakinsa, sau ɗaya, ina fadama.